Zanin Gado na Goma Sha Biyu

A kan maganar ɗakin ni ce da gaskiya, kuma ko gobe aka sake kiran taron ba zan janye ba. Ina so a san wannan tun daga farko.

Shekarar da na dawo gida daga birnin Rosario da takardar likitan yara, asibitin garinmu ba shi da kwalbar jarirai ko ɗaya da ke aiki. Idan mace ta haifi bakwaini, sai a naɗe shi a bargo, a sa shi a motar asibiti, a kama hanyar Rosario, tafiyar awa ɗaya da rabi in manyan motocin waken soya ba su tare hanya ba. A shekarata ta farko jarirai huɗu suka mutu a kan wannan hanya. Biyu daga cikinsu a hannuna. Alhali ga kwalabe biyu sababbi fil da gwamnatin lardi ta aiko, suna cikin akwatunan katako a sito wata takwas, masu shara suna ɗora bokiti a kansu.

Na sami shugaban asibitin, Dokta Bertolino, a ofishinsa yana ƙara ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da kowa ke sha a nan.

"Babu wuri, Ornela," in ji shi.

"Akwai wuri. Ɗakin da ke jikin ɗakin haihuwa. Yana da wuta, yana da famfo, taku biyar ne tsakaninsu."

"Ɗakin kakarki kike nufi?" Ya miƙo mini ƙoƙon, na ƙi karɓa. "To, ke za ki gaya mata. Ni ina so in yi ritaya da kunnuwana biyu."

Haka garinmu yake. Jariri ya mutu a mota, a ce Allah ya ji ƙansa. Amma a tambayi tsohuwa makulli, sai kowa ya ce kansa na ciwo.

Kakata Donata, wadda kowa a gari ke kira Doña Donata, mu kuma Nonna, shekararta tamanin da ɗaya a lokacin. Tana da sha uku suka baro ƙauyensu na kan duwatsun Basilicata, can Italiya, a jirgin ruwa, a 1950. Tana noman tumatir a bayan gida, tana da bishiyar ɓaure da take yi wa faɗa in ta ƙi 'ya'ya, tana kuma cutar kowa a wasan kati, har Fada. Shekara talatin da huɗu ke nan, kowace Talata da Alhamis, ita da wasu tsofaffi shida suna zama a wannan ɗaki suna ɗinki kyauta. Makullin yana wuyanta, a sarƙa ɗaya da gicciyenta. A gida abin da muke cewa shi ne, "Nonna ta tafi ɗinkin jarirai." Ban taɓa tambayar wane irin ɗinki ba ne.

Ranar Lahadi na je gidanta cin taliya da niyyar yi mata magana. Na tarar ta shanya farin zanin gado a kan ciyawa, ta danne kusurwoyinsa da duwatsu. Kowace bazara take yin haka. Duk danginmu sun san zanin nan. Goma sha biyu mahaifiyarta ta zo da su a babban akwati, lilin saƙar hannu, shi kaɗai ya rage. A ƙauyensu mace takan ware mafi kyau daga kayan aurenta don ranar da za a shimfiɗe ta.

"Kar ki taka mini, Likita," in ji ta. "A kansa zan kwanta. Ki sa ido a kan uwarki, in ba haka ba za ta sayo mini na kanti mai furanni, in tafi wurin Ubangiji kamar teburin biki."

"Ke da za ki binne mu duka, Nonna."

"Da wannan ramar taki? Ba mamaki. Zo ki gurza cuku."

Muna cin abinci ta ɗauko labarin jirgi. Na ji shi ya fi sau ɗari. Yadda mahaifinta ya riga su zuwa da wata biyar, yadda ita da mahaifiyarta suka kwana a ƙasan jirgi tare da mata ɗari biyu masu amai, yadda a kwana na shida aka tsaya a wani tsibiri wani matuƙi ya ba ta ayaba, abin da ba ta taɓa gani ba, ta cinye har ɓawon.

"Har ɓawon!" in ji Kawu Tito, ƙanin mahaifiyata Susana, yana buga tebur. "Shi ya sa har yau hanjinta ya fi na doki ƙarfi."

Aka yi dariya, kamar kullum. Nonna ta buɗe baki za ta ci gaba, Kawu ya riga ya koma maganar ƙwallo, mahaifiyata ta tashi kwashe faranti. A nan labarin yake ƙarewa a gidanmu. Ni ma ban taɓa tunanin yana da sauran ba.

Da muke wanke-wanke na ce, "Nonna, wannan ɗakin naku, ba ku gaji da shi ba?"

"Kin taɓa shiga?"

"Ba ni da lokaci."

"Zo ranar Talata ki gani. Ƙawata Pasqualina na kawo biskit, ba daɗi, amma kyauta ne."

Ban je ba. Ranar Litinin na tambayi Zulma, babbar nas ta ɗakin haihuwa, me tsofaffin nan suke ɗinkawa da har ba a iya taɓa su. Ta buɗe wata durowa ta ciro mini wata 'yar farar riga, tsawonta bai kai tafin hannuna da rabi ba. Babu maɓalli, babu hannun da ake zurawa, a baya take buɗewa, an kuma juyo da bakin ɗinkin waje.

"Ta waɗanda ba su zauna ba ce," in ji Zulma. "A kanti babu mai sayar da ƙarama haka."

Na tsaya ina kallonta, kaina ya yi zafi. Shekara talatin da huɗu mata bakwai suna zaune taku biyar daga ɗakin haihuwa suna ƙwarewa a ɗinkin likkafani, a ɗakin da zai hana a buƙaci likkafanin. Na sa rigar a aljihuna. Zulma ta ce, "Likita, dawo da ita." Na yi kamar ban ji ba.

Da na koma kicin ɗin Nonna a yammacin nan na faɗa mata kai tsaye, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Amma ni taro nake so. Ina so garin ya ji kunya a gaban kansa, kuma har yau ina ganin ya cancanci hakan.

Kwamitin taimakon asibiti yana zama a zauren Ƙungiyar Italiyawa Asabar ɗin farko ta kowane wata, da rana. Yawanci mutum goma ke zuwa. Na yi sati biyu ina bi gida-gida, na kai maganar gidan rediyon gari, ranar sai da aka aro kujeru daga coci. Tsofaffin bakwai suna layin gaba da jakunkunansu a cinya. Na karanta ranakun da jariran huɗu suka mutu da wurin da motar take lokacin da suka daina numfashi. Da na tsaya a nan, da ya isa.

Sai na ciro rigar, na ɗaga ta da yatsu biyu.

"Ga abin da ake yi a ɗakin," na ce. "Garinmu bai iya riƙe 'ya'yansa ba, amma ya iya binne su da ado. Dubi aikin allura! Har an juyo ɗinkin waje don kada ya goge fatar gawa. Iyayenmu mata, sannunku da aiki. Kun ba mu likkafani shekara talatin da huɗu. Yanzu ku ba mu wuri mu gwada raya su."

Wasu matasa a baya suka tafa. Doña Pasqualina ta miƙe tana cewa, "Ke, 'yar Susana! Ni na wanke miki kashi!" Aka zaunar da ita.

Nonna ta tashi a hankali, ta dafa kujera. Ta zo har gaban tebur, ta cire sarƙar wuyanta, ta yi ta fama da maɗaurin saboda yatsunta, babu wanda ya motsa ya taimaka mata. Ta zare makullin ta ajiye gaban Dokta Bertolino. Sannan ta juyo ta karɓi rigar daga hannuna.

"Ba haka ake riƙe ta ba," in ji ta. Ta shimfiɗa ta a tafinta, ta ninke, ta miƙa wa Zulma. Ta dube ni. "Kina cin abinci a kicin ɗina kowace Lahadi. Bakinki ciwo yake yi a can?"

Ta fita, sauran shida suka bi ta.

Cikin sati shida ɗakin ya zama ɗakin kwalba. Ni na tsaya a kan ma'aikata, don na san in na juya baya za a yi wata shekara. Da suka tambaye ni yadda za a yi da kwalaye da ƙunshin yadin da ke ciki, ina tsakiyar faɗa da mai haɗa wuta, na ce, "Ku kwashe komai, kar in ga ko zare." Har durowar Zulma suka kwashe, don tana jikin ƙofar ɗakin. Aka haɗa da tsofaffin katifu aka kai wurin ƙona sharar asibiti. Sai bayan kwana uku na sani. Na ce a raina ba komai, ba za mu ƙara buƙatarsu ba.

An yi wa tsofaffin tayin wani ɗaki a bene na biyu, inda babu wadda gwiwarta za ta kai ta. Ko da za ta kai su ma ba za su je ba. A gidan burodi yara sun fara kiransu "masu likkafani". Doña Pasqualina ta daina amsa gaisuwata. Nonna ba ta daina ba. Tana zuba mini taliya, tana cewa na rame, tana cutata a kati. Talata da Alhamis sai ta zauna a ƙarƙashin ɓaure da hannuwa a cinya. Mahaifiyata ta ce in ba ta haƙuri. Na ce a kan me? Jariri na farko da muka sa a kwalba ya rayu, na biyu ma haka, na uku 'yan biyu ne. Ina tafiya a titi mata suna tare ni suna rungumata.

A tsakiyar Fabrairu, ana tsananin zafi, aka kawo wata mata mai suna Griselda daga wajen masu gasa bulo, cikinta wata shida bai cika ba. Ta haifi namiji da safe. Na yi duk abin da aka koya mini, kwalbar ta yi duk abin da aka ƙera ta ta yi. Ya yi awa uku. Wajen ƙarfe sha ɗaya na cire masa wayoyin.

Griselda ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Likita, ina so in gan shi. Ubansa na hanya, shi ma zai so."

Na dawo ɗakin na tsaya a kansa. Fatarsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, inda filasta ya taɓa duk ya saɓule. Na duba me zan naɗe shi da shi. Akwai koren ƙyallen tiyata mai tambarin asibiti da lamba. Akwai auduga. Akwai rigar jarirai ta kanti da wata ta bari, wadda za ta ɗauki irinsa uku.

Zulma tana jingine da ƙofa. "Shekara ashirin durowa kawai nake buɗewa," in ji ta.

"Kin ga ba yanzu ba, Zulma."

"Yaushe, to? Uwar tana jira. Kai mata shi a ƙyallen goge jini, ki karanta mata ranaku da kilomita."

"Me kike so in yi?"

"Ni? Ni nas ce, ke ce mai rediyo. Amma da ina da kaka a titi na huɗu daga nan, da na san inda zan je."

Na sami Nonna a bayan gida, tana tafasa kwalaben miyar tumatir a rabin ganga, fuskarta ja da hayaƙi. Ta dubi farar rigata, ta dubi idanuna. Na fara bayani, ina maganar huhu da makonni. Ta katse ni.

"Tsawonsa?"

Na nuna mata a hannuna, daga kan yatsa zuwa ɗan sama da wuyan hannu.

"Namiji ko mace?"

"Namiji."

"Janye mini itacen nan kada kwalaben su fashe."

Ta wanke hannu har gwiwa, ta shiga ɗaki. Na bi ta. Ta buɗe babban akwatin, ƙamshin ganyen da take sakawa a ciki ya taso. Babu komai a ƙasansa sai zanin. Ta ɗauko shi ta shimfiɗa a kan teburin kicin, ta ce in miƙo almakashi.

"A'a, Nonna. Ba wannan ba. Bari in ruga kanti in sayo farin yadi."

"Na kanti rabinsa roba ne, zai kwashe masa fata. Wannan kusan shekara saba'in ana wanke shi, taɓa ki ji."

"To na Doña Pasqualina fa? Ko na sauran?"

"Nasu yana cikin ɗakin da kika share." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Almakashi, Likita. Ko sai na rubuta takarda na kai kwamiti?"

Na miƙa mata. Ta yanka daga kusurwar da mahaifiyarta ta yi wa surfani, inda ya fi laushi. Ƙarar almakashin a cikin lilin ɗin har yau ina jinta. Ta kasa zura zare, ta turo mini allurar.

"Aƙalla wannan sun koya miki a Rosario?"

Na zura. Ta fara ɗinki, ta kusanto da yadin dab da idonta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Bayan ayaba."

"Na'am?"

"Kullum a ayaba kuke tsayar da ni. Bayan ayaba da kwana biyar Mamma ta haihu. Cikin wata bakwai ne, Papa ya bar mata shi kafin ya taho. Mace ce. Rocchina aka sa mata, wata tsohuwa ta yi mata baftisma da ruwan kofi. Kamar ɗan nan naki take, ta ɗan fi shi. Mamma ta sa ta tsakanin nonuwanta, ni kuma ina hura mata numfashi a ƙafa don ta ji ɗumi. Kwana biyu ta yi."

Ta ciji zaren, ta miƙo allurar in sake zurawa.

"Mamma ta ce a buɗe mata akwatinta. Akwatin yana can ƙasa, wurin kaya. Ta roƙi matuƙa, ta roƙi wani mai hula da igiyar zinariya, ta durƙusa masa. Suka ce ba a buɗe wurin kaya sai an isa Buenos Aires, doka ce. Zannuwa goma sha biyu, Ornela, a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ita da kakata suka shuka, suka kaɗa, suka saƙa. Mai dafa abinci ne ya ji tausayi ya kawo buhun fulawa. Yana da rubutu ja a jiki, ban iya karatu ba lokacin, amma har yau zan iya zana miki shi. A ciki aka sa ta. Da safe aka sake ta a ruwa."

Kwalaben tumatir suna ta ƙara a waje.

"Mamma ba ta taɓa kwana a kan ko ɗaya ba har ta mutu. Ta ce in yi abin da na ga dama da su. Na ajiye su shekaru. Ran nan na je duba wata maƙwabciya a asibitinku, na ga an fito da jariri a kwalin takalmi, an rufe shi da jarida. Washegari na yanka na farko." Ta juya 'yar rigar, tana danne bakin ɗinkin da farce. "Kin ce gawa ba ta jin ɗinki. Gaskiyarki. Uwar ce take ji. Tana shafa shi da yatsa, ta ciki."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kin taɓa bari? Ke da kawunki mai bakin kwalba." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Kina tsammani na fi son likkafani da kwalbarki? Da akwai ta a jirgin nan, da yanzu Rocchina na nan zaune tana cewa miyata ta yi gishiri. Bertolino bai taɓa gaya mana akwai wani abu a sito ba. Da kin ce mini 'Nonna, ba ni ɗakin,' da ni zan riƙe miki tsani."

"Nonna, ki yafe..."

"Tashi, uwar na jira. Ta baya ake sa masa, kar ki ɗaga hannunsa. Ki ɗaure zaren a gefe, ba a wuya ba. Kuma da hannu biyu ake riƙewa."

Griselda ta riƙe shi fiye da awa ɗaya. Mijinta ya iso da jar ƙasa a ƙafa, ya tsaya yana juya hularsa. Na ga ta zura ɗan yatsa ta cikin wuyan rigar ta shafa. Ta ce wa mijin, "Dubi, an yi masa fure."

Bayan wannan na yi abin da na iya, wato rigima. Na je gidan Doña Pasqualina sau uku. A na uku ta buɗe taga ta ce, "Je ki faɗa a rediyo." Biyu daga cikin matan 'ya'yansu sun ɗauke su zuwa Rosario, ɗaya ta karye a ƙugu. Sauran suka ce sun tsufa. Ƙungiyar da ta yi shekara talatin da huɗu na rusa ta cikin minti biyar, ban kuma iya tayar da ita cikin wata biyar ba.

Nonna ta yanka sauran zanin gida goma sha ɗaya. Na ce ta bar rabi, zai ishe ta. Ta ce ita ba ta kwanciya a kan rabin abu. Ta koma ɗinki Talata da Alhamis a teburin kicin, ita kaɗai, ni nake zura mata allurai guda biyar da safe in soke su a matashi kafin in tafi aiki. Shida ta gama. A watan Yuli, tsakiyar lokacin sanyinmu, mahaifiyata ta same ta a kujera bayan abincin rana, rediyo na ta magana.

Da masu shirya gawa suka tambayi zanin da za a shimfiɗa, mahaifiyata ta buɗe akwatin ta tarar babu komai. Ba ta sani ba, Nonna ba ta gaya mata ba. Ta juyo ta dube ni, na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ni na je kanti. Na zaɓi fari sol marar fure, wannan kaɗai na iya cika mata. Yana da kaushi, yana sheƙi, layin ninkin kanti bai fita ba duk da na goge shi sau biyu. Doña Pasqualina ta zo, ta tsaya a kan akwatin gawar, ta murza bakin zanin tsakanin yatsunta. Ta dube ni ta wuce.

Zuwa yau jarirai goma sha tara suka fita daga ɗakin nan da rai. Ina da sunayensu duka. Duk wanda ya ce mini da an bar ɗakin yadda yake, zan karanta masa su ɗaya bayan ɗaya har ya gaji. Kuma na koma kan Dokta Bertolino: ina neman ƙaramin ɗaki a ƙasa, mai taga da tebur, don duk wadda ke son zuwa ɗinki. Ya ce babu wuri. Na ce akwai, ofishinsa. Muna nan muna yi.

Riguna shidan suna sabuwar durowar Zulma, saura huɗu yanzu. Yanka biyar da Nonna ba ta kai gare su ba suna wurina. Ranar Talatar da ta wuce na zauna a teburin kicin ɗinta na ɗinka ɗaya, awa uku na yi. Na kai wa Zulma da safe. Ta sa tabarau, ta juya ta, ta zura yatsa ta ciki.

"Wannan ɗinkin ciwo ne, Likita. Kin ɗaure kowane zare kamar za ki tsayar da jini."

"Zai riƙe."

"Ba riƙewa ake nema ba. Farke ki sake."

"Yadin ba zai jure farkewa da yawa ba, Zulma. Biyar kaɗai suka rage."

"To, sai ki je wurin Pasqualina ta nuna miki."

"Ta rufe mini taga."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ta ninke rigar a tafinta, ta miƙo mini da hannu biyu. "Gida nawa kika bi lokacin taronki?"

Ranar Alhamis ba ni da aiki da yamma. Na sayi biskit.